Yanda muka ratsa ƙasa a kan keke mu biyar, da abinda na so ace an faɗa min tun farko

Tunda muka dawo tambaya ɗaya ake ta yi min, wai ta ina ake farawa in mutum yana so ya ɗebi iyalinsa suyi doguwar tafiya a kan keke. Amsa guntu-guntu a waya bata isarwa, shi yasa nace bari in zauna in rubuta abin daga farko yanda ya faru, dan ni da na tashi farawa ban samu wanda ya jero min shi a tsari ba, kuma rashin hakan ya ci min kusan wata biyu da kuɗin da ba dole bane in kashe. Mu biyar ne, ni da maman yara, da babbar 'yarmu mai shekara 13, da ƙaninta ɗan shekara 10, sai auta ɗan shekara 5. Mun tashi daga wannan ƙarshen ƙasa zuwa wancan, kilomita 2,150 a taswira, kwana 58 mukayi a hanya. Shirin kuwa wata bakwai ya ci.

Asalin maganar 'yarmu ce ta shigo da ita gida. Ta karanta labarin wani Bature mai suna Thomas Stevens da ya tashi daga San Faransisko a watan Afrilun 1884 ya isa Boston a farkon Agusta, a kan keken nan na da mai ƙatuwar taya a gaba da 'yar mitsitsiya a baya, ba giya ba cen, tayar ma ba ta iska bace dan sai a 1888 Dunlop ya fito da tasa tayar mai iska. Tace min Abba in shi ya iya da wannan keken, mu me zai hana mu. Na ɗauka maganar zata wuce amma bata wuce ba, kullum sai ta tada, har mamansu ta fara cewa ita ma fa abin ya shiga ranta. Toh sai na shiga intanet ina bincike, na ci karo da labaran masu bin wata hanyar keke ta Amurka da aka buɗe a 1976, wadda ta tashi daga Astoria a jihar Oregon ta ƙare a Yorktown a Bajiniya, sama da kilomita 6,700, kuma yawanci wata uku suke yi. Na lissafa naga kusan kilomita 75 zuwa 80 kenan a rana. Sai kawai na ɗauki 80 na raba 2,150 da shi, ya bani kwana 27. Wannan lissafin shine tushen duk wata wahala da ta biyo baya, saboda mutanen da na ɗauko adadin daga wurinsu manya ne da suka saba, babu mai jan yaro a bayansa.

Da wannan kwana 27 ɗin na tafi ofishin kula da ma'aikata na wurin aikinmu na nemi hutu. Aka bani fom, sai shugaban sashenmu ya sa hannu, sai a maida wa ofishin, sai su duba ko kwanakin da na tara sun kai. Kwana tara ina jira, ranar da takardar ta fito an amince da kwana 30 na dawo gida ina murna, muka zagaye ranar tashi a kalanda. Maman yara sana'ar kanta take yi, ita ma ta samu wadda zata riƙe mata na wata ɗaya. Duk wannan fa ko keke ɗaya bamu ɗora wa kaya mun gwada ba.

Bayan nan ne na kwashi kekunanmu zuwa wurin mai gyara, wani dattijo da aka ce min ya san kekunan tafiya. Abu na farko da ya tambaye ni ba nisan hanya bane, cewa yayi malam kilo nawa zaka ɗora a kai. Nace ban auna ba. Yace to ka je ka auna, amma kafin nan bari in nuna maka abinda zai fara karyewa. Ya ƙirga wayoyin wilin baya na kekena, 28 ne, yace wanda zai ja tirela, wato 'yar amalanken da auta zai zauna a ciki, da kaya wili mai waya 36 yake buƙata. Ya ɗauko rula ya ɗora a cen, ya nuna min cewa gaɓa 12 cikakku na sabon cen inci 12 ne cif, in ya ƙaru da kashi ɗaya cikin 16 na inci to ya miƙe, a canza shi kafin ya cinye haƙoran firiwil. Na 'yarmu da na mamansu duk sun wuce. Sai maganar giya, wadda ita ce na fi gode masa a kai daga baya. Yace giyar gudu bata da amfani a wurinmu, ta hawa ce zata cece mu, ya sa mana ƙaramin farantin gaba mai haƙora 24 da babban na baya mai 34, yanda ko da kaya mutum zai iya hawa tudu yana murza feda ba tare da ya tashi tsaye ba. Ya daidaita wa kowa sirdi, ka ɗora diddige a feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak, to tsayin yayi. Ya kuma lura da abinda ni ban taɓa lura ba, bawul ɗin tayoyinmu iri biyu ne, akwai mai kauri irin na mota da ake kira Schrader da siriri da ake kira Presta, kuma famfon da na saya ɗaya kawai yake kamawa. Sati biyu kekunan sukayi a wurinsa saboda wilin sai da aka yo odar sa. Kafin in tafi ya zaunar da ni da yaran biyu a ƙasa, yace baba ba zai bi ku ba, kowa ya cire taya yayi faci da hannunsa in gani. Sau uku-uku mukayi, ya hana mu liƙa facin sai sholishon ya bushe ya daina ƙyalli.

Maganar kuɗi ba zan sa adadi ba dan kowa da inda yake, amma zan faɗi yanda ya rabu. Gyaran kekuna da tirelar auta da jakunkunan rataye da tanti da hulunan kwano sun ci kusan kashi ɗaya cikin uku na abinda muka ware. Abinci da wurin kwana a hanya sun ci sama da rabi, kuma kar mutum ya lissafa abinci da yanda ake ci a gida, yaran da suka yini suna murza feda cinsu ya kusa ninkawa. Ragowar ya tafi a kayan gyara a hanya da asibiti da kuɗin dawowa. Akwai kuma wani kuɗi da bai shiga lissafina ba ko kaɗan, zan zo kansa.

Wata uku kafin tashi muka fita gwaji na kwana biyu da cikakken kaya, kaman yanda dattijon nan ya matsa. Na auna komai, ni ina ɗauke da kilo 22 a jakunkuna banda tirela da auta a ciki, jikin tirelar an rubuta kar a wuce kilo 45. Mun tashi da safe ni a raina kafin la'asar mun cinye 80 ɗin. Wallahi a kilomita 30 ɗan shekara 10 ɗin ya fara shiru, shi da bakinsa baya rufuwa. A 38 ya sauka ya zauna bakin hanya bai ce komai ba, hawaye kawai. Auta kuma duk bayan awa ɗaya sai an tsaya ya fito ya miƙe ƙafa, kuma haƙƙinsa ne, yaro ba kaya bane. A 42 muka tsaya muka kafa tanti. Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta juya lissafi a kai, ga hutu an riga an bani, ga rana an sa, ga dangi duk sun ji. Da asuba maman yara tace min baban su, ƙafar yaron nan ce zata yi mana lissafi ba takardarka ba, in ba haka ba a fasa. Na san gaskiya ta faɗa. Muka sake zama, kilomita 45 a rana, duk bayan kwana biyar a huta kwana ɗaya, ya bada kwana 48 na tuƙi da 10 na hutu.

Komawa ofis karo na biyu yafi na farko wuya nesa ba kusa ba. Kwanakin hutuna 30 ne kawai, sauran 28 ɗin sai dai hutu ba albashi, shi kuma fom ɗinsa daban ne, sai an haɗa da wasiƙar dalili, kuma sama da shugaban sashe ne ke sa hannu. Sai da aka soke takardar farko tukun aka karɓi sabuwa, kenan na ɗan lokaci ba ni da hutu ko na kwana ɗaya a hannu, wannan zaman jiran ya dame ni sosai. Sati uku da kwana biyu ya ɗauka, na leƙa ofishin sau huɗu, kullum ace takarda tana sama. Ba laifin kowa bane, ni na kawo buƙata biyu a kan abu ɗaya. Wannan shine kuɗin da nace bai shiga lissafi ba, kusan albashin wata guda. Sai makarantar yara, dan kwana 58 ya zarce dogon hutunsu da kusan sati biyu. Na je ba tare da na nemi lokaci ba aka ce shugabar makaranta bata nan, na dawo bayan kwana uku da wasiƙa a rubuce. Ta saurare ni sosai, ta tambayi yanda zamu yi da lafiyarsu, sannan ta yarda bisa sharaɗin mu ɗauki satin biyun daga ƙarshen zango bayan an gama jarrabawa maimakon farkon sabon zango, kuma kowane yaro ya riƙe littafi yana rubuta abinda ya gani kullum. Hakan ya sa muka matso da ranar tashi, na sake komawa ofis a gyara kwanan wata a takarda, amma wannan kwana biyu kawai ya ɗauka.

Asibiti kuwa mu duka muka je rana ɗaya, muka zauna layi kusan awa uku. Likitar ta auna mu, ta duba hawan jini ni da mamansu, ta karɓi katin rigakafin yara. Ta tambaye ni yaushe rabona da allurar tetanus, na kasa tunawa, tace duk shekara 10 ake sabuntawa kuma mai yawo da keke faɗuwa da yankan ƙarfe ba zai rasa ba, nan take aka yi mana mu biyu. Ɗanmu na tsakiya yana da 'yar asma tun yana ƙarami, ta rubuta mana abin shaƙa guda biyu tace kar a sa su jaka ɗaya, ta kuma bamu wasiƙa mai bayanin ciwon da sunan maganin. Inda ta fi daɗewa shine maganar ruwa. Tace yaro baya faɗin ƙishi sai abin yayi nisa, a dinga bashi ko bai nema ba, a dinga duba kalar fitsari, in yayi duhu to ruwa yayi ƙaranci. Ta sa muka sayi ƙunshin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, ta kuma rubuta mana yanda ake haɗawa in ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In yaro ya fara magana ba kan gado ko jikinsa yayi zafi zau, tace wannan ba na ORS bane, a jiƙa shi a nemi mota zuwa asibiti a take. Daga nan na biya ofishin inshorar lafiyarmu na tambaya ko tana aiki a wajen yankinmu, na roƙi a rubuta min amsar a takarda, aka ce in dawo gobe, na dawo na karɓa.

Na kuma ɓata yini guda ina neman wani izini da ashe babu shi. Wani ne yace min sai an bamu takarda kafin mu hau titi da yara, na je ofishin kula da hanya, aka tura ni wani tebur, daga can aka tura ni wani, a ƙarshe wani jami'i yace min a wurinmu iyali masu tafiyar kansu basa buƙatar komai, abinda zan kiyaye shine manyan titunan gudu da aka hana keke hawa, da fitila fara a gaba ja a baya. Amfanin zuwan shine ya nuna min a taswira guntaye biyu da na zana hanyarmu ta kansu alhali an hana. Takardun da muka ɗauka a ƙarshe sune katin shaidarmu mu biyu, takardar haihuwar kowane yaro, katin rigakafi, wasiƙar likita, ta inshora, da rasit ɗin kekuna mai lambar jikinsu. Komai na yi masa kofi biyu na ƙunshe a leda, ɗaya a kekena ɗaya a na mamansu, muka kuma ɗauki hotonsu a wayoyi. Hanya na tsara ta a manhajar Komoot saboda tana nuna hawa da gangara, na sauke taswirar a waya yanda zata buɗe ko babu sabis, na kuma sayi ta takarda. Abinda nake dubawa kullum shine tazarar da ke tsakanin wuraren samun ruwa, mafi tsawo da muka samu kilomita 52 ce, ranar lita 16 muka ɗauka.

Satin farko jiki magayi. Ba ƙafa ce ta fi damun mu ba, mazaunai ne da wuya da tafin hannu. Wandon keke mai soso a ciki da man shafawa sun taimaka, amma abinda yafi shine a wanke wandon kullum a bar shi ya bushe, in ba haka ba ƙuraje ke fitowa inda sirdi ke gogawa kuma in suka fito tafiya ta tsaya. Kwana na huɗu muka zazzage jakunkuna a ƙasa muka ware duk abinda bamu taɓa ba tun tashi, tukunya ta biyu, takalma, littattafai, kujerun naɗewa, kusan kilo 9, muka kai gidan waya muka aika gida. Daga nan tafiyar ta samu tsari. Mu tashi da duhu-duhu, gari na wayewa muna kan hanya, kafin 11 mun ci kashi biyu cikin uku na tafiyar ranar, mu nemi inuwa mu zauna har rana tayi sanyi, sai mu ƙarasa. Dokar da bamu taɓa karyawa ba ita ce babu tuƙin dare. A jere kuma mamansu ce a gaba, sai ɗan shekara 10, sai yayarsa, ni a ƙarshe da tirela da doguwar tuta da madubi, kowa da riga mai ƙyalli. Da farko ni nake gaba, sai na lura ban sani ba nake ƙara gudu, yaron yana ta fama ya kamo ni bai faɗa ba. Da na koma baya ina kallon kafaɗunsa, in suka fara karkata na san lokacin tsayawa yayi tun kafin ya nema.

Faci munyi shi sau 14, yaran ma sun ƙware, amma akwai guda ɗaya da ya tsayar da mu kwana biyu. Keken yaron taya mai inci 24 ce, namu 26, tirela 20. Na ɗauki tib na 26 har huɗu, na 24 guda ɗaya tak, shi kuma ya tsage a gindin bawul inda faci baya kamawa, bayan na riga na sa na ajiyar. Garin da muke duk masu gyara 26 suke da shi. Sai da na bar su a masauki na shiga mota zuwa babban gari na gaba na dawo. Duk girman tayar da kake da shi ka ɗauki tib biyu nata, musamman wadda ba a cika samu ba. A sati na biyar kuma waya biyu suka tsinke a wilin bayan mamansu, ɓangaren cen, inda sai an cire firiwil ake sa sabuwa, kuma bani da abin cirewa. Na sassauta birki muka lallaɓa kilomita 17 zuwa wurin wani mai gyara, yaro ne matashi amma hannunsa na da kyau, ya ƙi karɓar kuɗin aiki sai na wayoyin.

Ranar da na fi tsorata ita ce ta 23. Zafi ake sosai, kuma hankalina duk yana kan masu tuƙi, na manta cewa wanda ke cikin tirela shi yafi kusa da kwalta kuma iska bata ratsa shi kamar mu. Da muka tsaya na ɗaga murfin naga auta yayi lamo, leɓensa a bushe, yace Abba kaina. Ya sha ORS yayi amai. Bamu tsaya shawara ba, mamansu ta tare wata mota, ta tafi da shi ƙaramin asibitin da ke gaba, ni na biyo da sauran. Kafin in isa har an sa masa ƙarin ruwa. A nan takardun nan suka yi ranarsu, katin rigakafi da takardar inshora suna jakar mamansu, ba a ɓata minti ɗaya ana tambaye-tambaye ba. Kwana ɗaya aka riƙe shi, muka ƙara kwana ɗaya a garin. A daren nan na ce mata mu koma gida, ita ce tace a tambayi ma'aikaciyar jinyar tukun, ita kuma tace yaron lafiyarsa ƙalau in dai za'a kiyaye. Daga ranar murfin tirela a buɗe yake sai raga, da jiƙaƙƙen zane a sama, kuma duk minti 20 yayarsa ke kiran sunansa ta tabbatar ya sha ruwa ya amsa.

Yankin duwatsu ya zo a sati na shida. Hawan bai bamu wahalar da na zata ba, giyar dattijon nan tayi aiki, inda ya gagara mu sauka mu tura ba kunya. Gangara ce abin tsoro, dan in ka danne birki ka riƙe tsawon gangara rim yana ɗaukar zafi har tib ya iya fashewa, sai dai a dinga dannawa ana saki, a tsaya a taɓa rim ɗin in yayi zafi a jira. Abinda ya kusa karya mu iska ce. Kwana uku tana bugun mu ta gaba, kuma ita iska in gudunta ya ninka turjiyarta sau huɗu take ninkawa, kana murzawa a fili kamar kana hawa tudu mara ƙarshe. Muka koyi bin bayan juna kusa-kusa mamansu da ni muna karɓa-karɓa a gaba, duk da haka kilomita 26 muka yi rana ta uku. Da yamma yaron yace min Abba ni na gaji, ba gajiyar yau ba, gajiyar duka. Na tambaye shi me yake so, yace kwana biyu ba keke. Muka ba shi. Kuma dan kar kwanakin su ƙare mana, washegarin hutun muka ɗora kekunan a motar kaya muka tsallake kilomita 60. Wasu sun ce min ai kenan bamu ratsa ƙasar duka ba. Haka ne, 2,090 muka tuƙa, kuma ko yau aka dawo da ni wurin motar nan zan sake tarewa.

Wurin kwana mun raba shi, kusan rabi a tanti, sauran a ƙananan masaukai, musamman ranakun hutu dan ayi wanki a cika fawa bank. Bamu taɓa kafa tanti a filin da bamu nemi izini ba, kuma tun rana da saura muke nema, mutum mai yara in yazo da haske yayi sallama ya faɗi inda ya fito da inda zashi ba kasafai ake hana shi ba. Sau biyu jami'an tsaro suka tsayar da mu suka tambayi yaran na waye, takardar haihuwa ta gama maganar cikin minti biyar, ɗayansu ma ya cika mana gorunan ruwa.

Rana ta 58 da hantsi muka isa. 'Yarmu ce ta fara ganin allon sunan garin, ta tsaya ta kifa kai a kan keke tana kuka, ƙaninta ya wuce ta ya je ya dafa allon da hannu. Ni kuwa a lokacin ne na gane ban shirya dawowa ba. Kamfanin motar da muka samu yace kekuna sai a kwali, a cire feda a juya kan keke a sauke iska, kuma kowanne da kuɗinsa daban. Feda ta hagu zarenta a juye yake, in ka murɗa yanda ka saba ƙara ɗaurewa kake, sai da wani mai shago ya nuna min bayan na kusa cinye kan notin. Neman kwali huɗu ya ci yini guda, kekunan kuma suka iso bayanmu da kwana biyar, ni na koma aiki washegarin dawowarmu ko hutawa ban yi ba.

Da za'a bani dama in sake, da farko zan kai kekuna wurin mai gyara, sai in ɗora kaya mu fita gwajin kwana biyu ko uku, in ga nisan da ƙaramin mai tuƙi zai yi ya tashi washegari yana son ya sake hawa, wannan adadin zan rubuta. Da shi zan fitar da kwanaki, in ƙara aƙalla biyar na ko-ta-kwana da uku na dawowa da hutawa, sannan in je makaranta, sannan ofis, sau ɗaya kowanne. Asibiti wata biyu kafin tashi, dan in akwai allura ko magani a samu lokaci. Maganar yanda kekuna zasu dawo a gama ta tun ana gida, a san kamfanin da sharuɗɗansa. Littattafan da yaran suka rubuta mun kai wa shugabar makaranta ranar da aka koma, ta karɓa tace zata karanta. Na ɗan shekara 10 ɗin na leƙa kafin in miƙa, kusan kowane shafi adadin kilomitan ranar ne a sama da manyan lambobi, a shafin ranar iska ya rubuta 26 ya ja layi biyu a ƙarƙashi.